Yadda ake fentin ɗaki da shunayya mai laushi ba tare da ta rikiɗe ta zama ruwan hoda ba

Launin da muke magana a kai shunayya ce mai haske wadda aka kashe mata kaifi da ɗan ruwan toka, a shagunan fenti lilak suke ce mata. Wanda ya taɓa ratsa gonar wake lokacin da ta yi fure ya san irinta. Tana da kyau a ɗakin barci, tana sa ɗaki ya yi kamar ya fi girmansa, kuma ido ba ya gajiya da ita. Matsalarta ɗaya ce, amma babba: ba ta tsayawa wuri ɗaya. Shuɗi ne da ja da toka aka zuba kaɗan-kaɗan cikin fari mai yawa, don haka duk hasken da ya ƙarfafa ɗaya daga cikin ukun, shi zai rinjaya. Bangon da ka gani da hantsi ka yaba, da dare sai ka same shi ya koma shuɗi-shuɗi, ko da la'asar ya zama ruwan hoda. Saboda haka rabin aikin ana yin sa ne tun kafin a buɗe bokiti.

Fara da kayan ɗakin

A yawancin gidajenmu ango ne ke yin fenti, iyayen amarya kuma su sayi gado da kujeru da labule, kuma sau da yawa babu wanda ke tambayar wani. Sai ranar jere a ga kujeru ja-wur masu ratsin zinare an jingina su da bango mai shunayya, 'yan jere su yi ta juya su daga wannan kusurwa zuwa waccan ko za su dace, ba kuwa za su dace ba. Fenti shi ne abu mafi araha a ɗakin kuma mafi sauƙin canzawa, to shi ya kamata ya bi sauran. Ka aika a tambayi launin kujeru da gado da labule. In da hali a yanko maka ƙyallen yadin labulen da na kujerun, domin hoton waya yaudara ne, kowace waya da yadda take nuna launi.

Idan kayan farare ne, ko ruwan madara, ko ruwan toka, ko katako mai launinsa na asali, ci gaba. Idan ja ne, ko ruwan goro, ko kore shar, shawarata ka haƙura da shunayya ka nemi wani launin.

Ka kuma dubi tayil ɗin ƙasa, tunda shi ba za a ɓamɓare shi ba. Fari da ruwan toka da mai zanen katako duk suna tafiya da ita. Tayil mai ɗorawa-ɗorawa sosai yakan jefa haskensa a bango ya sa shunayyar ta yi datti-datti, sai dai in za a rufe mafi yawansa da kafet.

Karanta hasken ɗakin

Tsaya a tsakiyar ɗakin ka ga ina tagar ta fuskanta. Tagar gabas tana samun rana da safe, daga azahar kuma ɗakin ya yi sanyin haske, launin ya karkata zuwa shuɗi. Tagar yamma ita ce mai wahala: daga la'asar zuwa magariba hasken ja-ja ne, yana ɗaga jan da ke cikin fentin ya danne shuɗin. A irin wannan ɗaki zaɓi shunayyar da shuɗinta ya ɗan fi yawa. Tagar arewa a yankinmu ba ta cika samun rana kai tsaye ba, musamman watannin hunturu da rana ke karkata kudu, to a nan mai ɗan ja-ja ta fi, in ba haka ba ɗakin zai yi duhu-duhu, babu fara'a. Kada ka manta da gilashin tagar kansa. Gilasan nan masu launin shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa da ake yayi suna rina duk hasken da ke shigowa.

Sai ƙwan lantarki, wanda shi ne ya fi ɓata wa mutane aiki. A jikin kwalin yawancin ƙwayaye akwai lamba da harafin K a ƙarshenta, mai nuna launin hasken. Mai 6500K shi ne farin nan ƙal da ya cika kasuwa, yana mai da shunayya shuɗiya mai sanyi. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa ɗorawa ne, ɗorawa kuwa kishiyar shunayya ce, tana kashe ta ta bar maka ruwan hoda mai toka-toka. Na tsakiya, mai 4000K, shi ya fi nuna launin yadda yake. Ka sa ƙwayayen da za a zauna da su tun kafin gwaji. Fitilar caji da ake kunnawa in an ɗauke wuta galibi fara ce ƙal, ita ma ka gwada da ita, tunda a gidaje da yawa ita ce hasken dare na gaskiya.

Gwaji a bango

Ɗan katin launi da ake nunawa a shago bai kai tafin hannu ba, launi kuwa in ya bazu a bango huɗu ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Don haka duk wanda ya burge ka a kati, ɗauki wanda ya fi shi haske da mataki ɗaya, ya kuma fi shi toka. A kati zai yi maka kamar ba shi da rai. A bango za ka ga shunayyar ta fito.

Sayi kaɗan na launuka biyu ko uku da suke kusa da juna. Samo falankin katako ko kwali mai kauri, kamu ɗaya a tsaye kamu ɗaya a kwance, shafa masa fari ya bushe, sannan ka shafa launin sau biyu. Amfanin yin sa a falanki shi ne kana iya ɗaukarsa daga bangon taga zuwa bangon da ke fuskantarta, ka kai shi kusa da ƙyallen labule, ka ajiye shi a ƙasa kusa da tayil. Duba shi da hantsi, da azahar, da la'asar, da kuma dare. Kada ka yanke hukunci fentin yana ɗanye, domin fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe. In uwargida ce ko amarya za ta zauna a ɗakin, ita ya kamata ta yi zaɓin ƙarshe.

Haɗa launin

Hanya mafi aminci ita ce a haɗa maka da na'ura. Manyan kamfanoni irin su Dulux da Berger suna da shagunan da kwamfuta ke auna launi ta zuba, kowane launi da lambarsa. Rubuta lambar ka adana, ko bayan shekara biyu za a sake haɗa maka irinsa.

Idan kuwa mai fenti ne zai haɗa da hannu, kamar yadda aka fi yi wa wanda ya sayi farin fenti da kala a Ƙofar Ruwa ko wata kasuwar kayan gini, to kada a yi shi da ƙiyasin ido cikin babban bokiti. Ɗebi lita ɗaya ta fari a wani mazubi. Samo sirinji don auna kalar. In akwai kalar shunayya tsantsa, aikin ya yi sauƙi: ɗiga kaɗan, juya sosai, sannan ka kashe kaifinta da ɗigon baƙi ko na ɗorawa mai duhu. In babu, sai a haɗa shuɗi da ja, amma jan ya zama mai karkata zuwa ruwan hoda. Jan nan mai kama da jar ƙasa in ya haɗu da shuɗi ruwan ƙasa yake bayarwa. Baƙi kuwa a yi hattara da shi, ɗigo ɗaya yana aiki sosai, kuma in ya yi yawa sai an ƙara fari mai yawa kafin a dawo da launin. Duk abin da aka zuba a rubuta. In launin ya yi, sai a ninka awon gwargwadon litar da ake buƙata.

Ko da na'ura aka haɗa, in bokiti ya wuce ɗaya, juye su duka a babban mazubi ɗaya ka gauraya kafin a fara. Bambanci kaɗan tsakanin bokiti biyu ba ya ɓuya a launi mai haske irin wannan.

Wane irin fenti, kuma nawa

Na bangon cikin ɗaki fentin ruwa ne. Akwai marar ƙyalli, akwai mai ɗan sheƙi da ake kira satin. Marar ƙyalli shi ya fi fito da laushin shunayya, yana kuma ɓoye ƴan ramukan bango, sai dai mai arahar cikinsa ba ya goguwa, da ka sa tsumma sai launin ya biyo. Satin yana goguwa, amma duk wani tudu da kwari na bango sai ya tona shi. A gidan da ake turaren wuta kullum, ga ƙurar hunturu, ga hannun yara a gefen makunnin fitila, ni satin nake zaɓa, da sharaɗin a gyara bangon ya yi sumul. Fentin mai a bar shi ga ƙofar ƙarfe da taga. Fentin nan mai tsakuwa-tsakuwa kuwa kada ya shigo ɗaki, ƙura yake riƙewa, kuma a kan shunayya jar ƙura ba ta ɓuya.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kusan mita 3.6 ne kowane gefe. Kewayensa mita 14.4, in tsayin bango mita 3 ne, ka sami murabba'in mita 43 da ɗoriya. Cire ƙofa da taga, ya rage kusan 40. Shafi biyu za a yi, ya zama 80. Fenti mai kyau lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10, kenan lita 8, galan biyu masu lita 4. Mai araha yana iya cin ninkin haka ya kuma nemi shafi na uku, sai ka ga bokitin lita 20 ya tafi a ɗaki ɗaya, ga ƙarin kuɗin aiki. Araha ba ta ado. Duba jikin bokitin, kamfani yakan rubuta abin da lita ke rufewa, ka kuma nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Ƙara lita ɗaya a kan lissafinka don gyare-gyaren gaba. Farin silin lissafinsa daban.

Gyaran bango

Nan ne masu fenti suka fi son tsallakewa, nan ne kuma ya kamata ka tsaya a kansu.

Sabon filasta a bar shi ya yi aƙalla mako huɗu. Siminti ɗanye yana ɗauke da danshi da sinadari mai cin launi, in aka yi gaggawa sai bango ya yi dabbare-dabbare. In kana shakka, manna leda mai faɗi a bangon ka rufe gefunanta da salatef, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ga raɓa a cikinta, bangon bai bushe ba.

Tsohon bango kuma ka shafa shi da tafin hannu. In farin gari ya biyo ka, tsohon fentin ya mutu, sai an kankare an goge. Inda ya kumbura ko yake ɓarewa a kankare har a kai wuri mai ƙarfi. Farin gishirin nan da ke fitowa a gindin bango alamar ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ko bututu ke yoyo a ciki. A share shi a bushe da burushi mai tauri, amma fa sai an magance inda ruwan ke fitowa, in ba haka ba damina ɗaya za ta kwashe sabon fentin. Ƙananan tsaga da ramin ƙusa a cike su. Tsagar da ke ƙara buɗewa aikin magini ce.

In bangon da fentin mai aka yi shi a da, fentin ruwa ba zai kama ba sai an dusashe ƙyallin. A nan a kiyaye: tsofaffin fentin mai, musamman ja da ɗorawa, da yawansu akwai dalma a ciki, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. A jiƙa samfefa a goge da ruwa maimakon a bushe, mai aikin ya sa takunkumi, yara da mai juna biyu su bar gidan har a gama shara da goge ƙasa.

Daga nan sai sikiridin, wato shafa farin ƙullin nan da ke mai da bango sumul. In ya bushe a goge da samfefa mai lamba 120, a bi da mai 180 ko 220. Haska tocila daga gefe, kusa da bangon, duk inda ba a goge da kyau ba inuwa za ta nuna. A share garin tas da tsumma mai ɗan laima. Sai shafin farko na firaima, wanda ke hana bango shanye fenti a wani wuri fiye da wani. In tsohon launin mai duhu ne, kamar kore ko ruwan goro, a rufe shi da fari tukuna, in ba haka ba zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashi ya gurɓata shunayyar.

Ranar shafi

Lokaci yana da tasiri. Da damina fenti yana jinkirin bushewa. Da hunturu iska na ɗauke da ƙura ta manna a ɗanyen bango, to a rufe tagar da iska ke shigowa, a yayyafa ruwa a tsakar gida. Da bazara kuma saurin bushewa ne matsalar, sai a ga sawun rola layi-layi, don haka a fara da sassafe, a kashe fanka yayin shafi.

Fitar da abin da zai fitu, sauran a tara a tsakiya a lulluɓe. Shimfiɗa leda a ƙasa. Manna salatef na takarda a gefen taga da ƙofa da soket da saman tayil ɗin gindin bango. Silin ake fara yi, fari, domin abin da ya ɗiga a bango a rufe shi daga baya.

Ruwan da za a ƙara wa fenti kada ya wuce abin da aka rubuta a bokiti. Wasu masu fenti suna tsinka shi don ya auku, ka tsaya a wurin lokacin da ake haɗawa. A juya har ƙasa.

Bango ɗaya ake ɗauka a gama kafin a koma wani. A fara bin gefuna da burushi, faɗin yatsu huɗu, a kusurwa da ƙarƙashin silin da kewayen soket. Tun wannan bai bushe ba a bi da rola. Kada a cika rolar har tana ɗiga. A yi sama da ƙasa a karkace don baza fentin, sannan a bi a miƙe daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba, kowane layi ya ɗan hau kan na baya tun yana ɗanye. Ba a tafiya cin abinci a tsakiyar bango, a kai kusurwa tukuna.

Shafin farko zai fito dabbare-dabbare, kada hankalinka ya tashi, kada kuma a koma ana taɓa inda ya fara bushewa. A ba shi sa'a huɗu, ko abin da kamfani ya ce, a yi na biyu. A cire salatef tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, a ja shi a hankali a karkace. A buɗe tagogi ɗakin ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a kwana a ciki. In don biki ake yi, a gama aƙalla mako guda kafin jere, kada a jingina gado da bangon da bai yi ƙwari ba.

Ba dole ne bango huɗu su zama shunayya ba. A falo, ko ɗakin da tagarsa ƙarama ce, bangon bayan kujera ko bayan gado kaɗai ya isa, sauran ukun a yi musu fari mai ɗan ruwan madara.

Abin da za a sa a ciki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda bango shunayya ne, to labule da zanen gado da kafet da fulawar roba duk su zama shunayya. Launin sai ya rasa abin da zai fito da shi. Masu adon gida suna da wani ƙiyasi mai amfani: kashi 60 na abin da ido ke gani babban launi, kashi 30 na biyu, kashi 10 ɗan abin da zai ja ido. Bango ya riga ya cinye kason farko. Na biyu ya zama fari ko ruwan madara ko toka mai haske, a labule da kujeru da kafet. Na ƙarshe shi ne wurin wasa: matashin kujera biyu masu shunayya mai duhu, ko kore mai dushi-dushi irin na busasshen ganye, ko madubi mai bakin ruwan tagulla.

Labule biyu sun fi ɗaya, fari shara-shara a ciki don rana, mai kauri ruwan toka a kai don dare. Ɗauki falankin gwajinka ka tafi da shi Kantin Kwari ka kara yadin a jikinsa a bakin shago inda rana take, fitilun cikin shago ba za su gaya maka gaskiya ba. A kafa sandar labulen kusa da silin, ya sauko har ƙasa, ɗakin zai ƙara tsayi a ido.

Shunayya launi ce mai sanyi, tana son abu mai ɗumi kusa da ita, kuma kayanmu na gargajiya sun fi na kanti iya wannan aikin. Faifai uku ko biyar marasa rini a jere a bango, tabarmar kaba a gaban gado, ƙwarya mai zane a kan teburi, tumtum na fata mai launin ƙasa a kusurwa, duk ana samunsu a Kasuwar Kurmi. Zinare kuwa kaɗan ya isa. Gado mai ƙyalli da labule mai ƙyalli da fitila mai ƙyalli in suka taru, laushin da aka sha wahalar nema ya tafi.

Kaskon turare a ajiye shi nesa da bango, ba a kusurwa ba, domin hayaƙi yana barin tabo mai ɗorawa-ɗorawa a sama. Kada a wanke bangon sai ya yi kamar wata guda. Bayan nan, ƙura a kakkaɓe ta a bushe tukuna, tabo kuma a goge da soso mai laushi da ruwan sabulu kaɗan, ba tare da dirzawa ba. Ragowar fentin a juye a ƙaramin mazubi mai murfi don kada iska ta yi yawa a ciki, a rubuta lambar launin da sunan ɗakin a jiki, a ajiye inda rana ba ta bugu. In za a gyara wani wuri nan gaba, a shafa da ƙaramar rola irin wadda aka yi aikin da ita, in kuma wurin ya yi faɗi a sake bangon gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa.